Shekarar da Shinkafar Jirgi Ta Yanke

Sabuwar tanda ba a ɗora ta a wuta ranar da aka sayo ta. Ku fara riƙe wannan, ku da kuke cewa suyar masa ai zuba kullu ne da juyawa. Tandar ƙasa nake nufi, ba ta ƙarfen nan da ake kawo muku yanzu ba. Za ki wanke ta, ki shanya, ki shafe kowane gurbi da man gyaɗa, ki bar ta kwana uku tana sha. Rana ta huɗu ki ɗora ta a wuta kaɗan, ki soya albasa a kowane gurbi har ta ƙone. Ki zubar. Ki sake. Sai ta daina warin ƙasa sannan za ki ba ta kullu, kuma zubin farko na kaji ne. Wadda ta yi gaggawa, masarta za ta manne, ta yi ta kankara har ta huda gurbi, ta koma tana zagin maginiya.

Ni Azumi, a nan Zongo aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Ban taɓa zama a bencin lakwal ba, wato makarantar boko, amma a cikin harabar lakwal na tsufa, a gindin mangwaro, da tanda a gabana.

A wurin Goggo Tasalla na koya, ƙanwar ubana. Shekara biyu ban taɓa ludayi ba. Wanki da wuta, wuta da wanki. Tandarta gurbi goma sha biyu ce, kuma wutar tsakiya ta fi ta gefe, saboda haka daga gefe ake fara zubi a ƙare a tsakiya, in an zo juyi kuma daga tsakiya ake farawa. Ranar da ta fara miƙo mini tsinken juyi, na fara daga gefe. Ta bari na tsakiya suka ƙone ƙurmus, ta kwashe su a faifai, ta ce, "Ga karin kumallonki." Na cinye su. Ban sake ba.

Haɗin kullu kuwa ga yadda yake. A jiƙa shinkafa, a kai markaɗe. A dafa wata 'yar kaɗan daban har ta yi laushi, a bar ta ta huce, a zuba ta cikin markaɗen da ƙwayarta, ba a niƙa ta. Ita ce take sa cikin masa ya yi taushi. A sa ragowar tsohon kullu don ya tayar da sabo, a rufe, a bar shi ya kwana. Da asuba za ki tarar ya taso yana huci. Sai ki ɗiga ruwan kanwa ki kashe tsamin, kaɗan kaɗan, kina ɗanɗanawa. In ta yi yawa masa ta yi rawaya ta yi ɗaci. In ta yi kaɗan yaro ya ɓata fuska. Ba wanda zai auna miki wannan, harshenki ne zai koya.

Kuma ba kowace shinkafa ce ta masa ba. Tamu fara ce, 'yar karyayya, wadda ba a turara ba. Tun ina yarinya a jirgin ruwa take zuwa, daga Indiya da ƙasashen da ke bayanta, cikin buhuna masu hoton giwa da wani rubutu wanda ko malaman lakwal ba sa iya karantawa. Yawancin abin da jirgi ke saukewa turararriya ce, ta dafa-duka, wadda manyan motoci ke kwasa su bi ta iyakar Seme su shiga Nijeriya. Tamu 'yar rakiya ce. Amma tana zuwa, wata bayan wata, tsaf da ita, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi. Ban taɓa tambayar wanda ya noma ta ba.

Wurin lakwal na gada daga Goggo da idonta ya fara mutuwa. A da, duk mai tire tana iya zama a ƙofa. Da ƙasa ta sauya, aka fara zaɓe, kowa ya sami bakin magana, sai iyayen yara suka yi ƙungiya suka kafa doka. Mai sayar da abinci sai ta je likita: a ɗauki hoton ƙirjinta, ta tofa yawu a kwalba, a duba farcenta. A ba ta karti da hotonta, a rubuta abin da take sayarwa, kuma ba ta da ikon sayar da wani abu daban. Farin bante na aiki a ƙirji, kai a ɗaure, tulun ruwa da sabulu a gefe. Na yi faɗa ranar farko. Na ce ni da nake alwala sau biyar za a duba wa farce? Amma da damina ta zagayo na ga yaran da zawo ke kwantarwa sun ragu, sai na daina faɗan. Akwai kuma doka ta ƙarshe: wadda ta yi kwana uku a jere ba ta zo ba, ba takardar likita, ta rasa wurinta. Mata suna layi suna jira.

Daga baya aka cire kuɗin lakwal. Yara suka cika aji har taga: 'ya'yan masu dako, 'ya'yan masu tura amalanke, 'yan mata da a da suke talla. Da yawansu da cikin wofi suke fitowa daga gida. Sai an buga ƙarfen hutun safe su kwaso da gudu, masa biyu da yaji, shi ke riƙe su har azahar. Maƙwabciyata a gindin mangwaro Sika ce, Bafona, 'yar asalin ƙasar nan, mai wake da garin rogo. Da Fonanci muke hira, da Fonanci muke faɗa, shekara goma sha wani abu.

To, ana nan, ana nan, sai shekarar ta zo.

Da farko buhu ya yi tsada. Sannan buhu ya ɓuya. Wata Juma'a na karkaɗe na ƙarshe a kan faifai. Ran Asabar na hau zem, babur ɗin haya, na tafi magazar Baba Lala, ɗakin ajiyar buhunansa, a bayan kasuwar Tokpa. Baba Lala Ba'indiye ne, tsoho, ya yi zaman Kano yana saurayi, ya zo da Hausar can yana yi mana dariyar tamu. A wurinsa Goggo take saye, a wurinsa na ci gaba. Na tarar da magaza wayam, tattabaru na tsince a ƙasa.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Uwar Masa. In gaisuwa ce, bismilla. In kaya ne, kin ga dai da idonki."

Na ce, "Baba Lala, ban zo wasa ba. Ina ka ɓoye ta?"

"Wallahi ban ɓoye ba. Gwamnatinmu ce ta rufe ƙofa."

"Ita gwamnatin taku masa take soyawa?"

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya jawo aljihun tebur ya ciro hoto ya miƙo mini. Wata mata ce siririya a tsaye kusa da tukunya wadda za ta ci mutum biyu, ga yara sun jeru a ƙasa, kowa da farantin ƙarfe.

Ya ce, "Ƙanwata ce. A makarantar ƙauyenmu take dafuwa. Gwamnati ke ba da shinkafa, ita ke dafawa, duk yaron da ya zo sai ya ci da rana. Kafin a fara, 'yan matan garinmu kiwon awaki suke zuwa, ƙafafu kamar kara. Da aka fara, uwaye da kansu suke koro su makaranta. Akwai kuma kantin da talaka ke zuwa da kati a auna masa da sauƙi. Bana abinci ya yi tsada ko'ina, manyanmu suka ji tsoro kada tukunyar nan ta kife. Suka ce irin wannan shinkafar ba za ta sake hawa jirgi ba sai sun ga hali. Maƙwabta suka gani, wasu su ma suka rufe. Abin da ya rage a kasuwa kowa na wawaso."

"Kai fa? Ba ɗansu ba ne?"

"Ni ɗan kasuwa ne. Da aka zo zaɓe tsakanina da tukunya, ba su daɗe suna shawara ba."

Na ƙara duban hoton. Matar tana da tabon ƙuna a wuyan hannu, daidai inda nawa yake. Na mayar masa, na ce, "In ka yi mata waya ka gaishe ta. Ka ce ta rage wuta, gindin tukunyarta ya yi baƙi." Na ce, "Da ni ce mai mulkinsu, abin da zan yi ke nan. Amma ni mai masa ce, kuma jibi Litinin."

Ya ce akwai ragowar turararriya, ta 'yan Seme.

Ku saurara nan, don nan ne na yi wautar farko. Na san turararriya ba ta yin masa. Kowace yarinya a Zongo ta sani. Shinkafar da ta riga ta sha tururi ta mutu, ba ta tashi. Amma na ce a raina, hannun da ya yi shekara talatin yana wannan aiki zai tilasta ta. Na ɗauka. Na jiƙa ta tun safiyar Lahadi, na ninka tsohon kullu, na rufe da bargo. Da asubar Litinin na buɗe, kullu yana kwance kamar laka. Na zuba a tanda duk da haka. Waje ya ƙone, ciki ya yi danƙo, na ƙarshe da wuƙa na ciro shi. Ban je lakwal ba. Kwana ɗaya.

Da yamma Sika ta biyo ta gida, kwandonta a kai. Ta ce, "Azumi, mutuwa kika yi ba ki aiko ba?"

Na nuna mata abin da ke cikin roba. Ta ɗauki ɗaya ta jefa a bango, ya dawo. Ta ce, "Wannan ki kai wa masu facin taya." Sannan ta sauke murya. Ta ce Madam Direkta, shugabar lakwal, ta zo ta tsaya a wurina da littafin suna. Ta ce ƙanwar matar shugaban iyaye ma ta zo da kwandon biredi, tana auna inuwar mangwaro da ido.

Ba ta daɗe da fita ba sai ga wani dillali da rabin buhu a bayan babur. Ya ji ina nema. Fara ce, 'yar karyayya, irin tamu sak. Ya ce sharar cikin jirgi ce, wadda ake sharewa bayan an gama sauke kaya. Na jiƙa mudu ɗaya a gabansa. Ruwan ya yi wani maiƙo a sama, wari ya taso irin na maganin ƙwari. Na wanke, na sake, har sau bakwai. Warin yana nan.

Ya ce, "Haba Mama, wuta na kashe komai. In kin barbaɗa yaji wa zai ji?"

Na ce, "Kana da ɗa a lakwal?"

"Biyu."

"To kai musu su fara ci, gobe ka zo ka ba ni labari."

Ya ɗaure buhunsa yana gunaguni. Mudun da na jiƙa, rami na haƙa na binne don kada awakin maƙwabta su ci. Talata ta waye ba ni da kullu. Kwana biyu.

Ranar ban zauna ba. Na bi gidajen masu masa na Zongo, wasu sun kife tanda, wasu suna da ta kwana biyu sun ɓoye, kuma ban ga laifinsu ba. Da hantsi na isa tashar da motocin albasa ke sauke kaya daga arewa. A nan na ga Hawa, 'yar Malanbil, mai kawo albasa, tana dafa abincinta a gindin mota. Shinkafar da ke cikin ƙwaryarta ja-ja ce, gajera.

Na ce, "Hawa, an turara wannan?"

Ta ce, "Wa ke da itacen turara? Daga gona sai turmi. Amma Yaya, wannan ta cinmu ce, ba ta birni ba. A ƙasa ake bugun ta. Rabinta dutse ne."

Na ce ta auna mini duk abin da za ta iya rabuwa da shi. Ta auna, ta ce gobe da azahar motarsu za ta juya.

Mai injin markaɗe ya damƙi hannu ɗaya ya watsa a tafinsa, ya ce ko uwarsa ce ta kawo wannan ba zai zuba a injinsa ba sai an cire duwatsun. Na zauna tsince da hannu, na ga ko zan kai Juma'a ban gama ba. Sai na ɗauka na kai wa Goggo Tasalla. Lokacin ta makance sarai, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi.

Ta sa hannu a ciki, ta murza, ta kai hanci. Ta ce, "Wannan ita ce shinkafa. Ɗauko ƙorai biyu ki rege."

Na ɗauko su na tsaya ina jujjuya su a hannu.

"Ke Azumi. Ba ki iya rege ba?"

"Goggo, ba ki koya mini ba."

"Da furfurarki? Kai, jirgi ya lalata ku."

Rege shi ne a zuba shinkafa a ƙwarya da ruwa, a karkata ta, a riƙa kaɗawa a hankali, ruwa na ɗaukar shinkafar yana tsallakar da ita bakin ƙwarya zuwa ta biyu, dutse kuma da yake ya fi nauyi ya zauna a gindi. Da baki abu ne mai sauƙi. Na kaɗa da ƙarfi, duka suka tsallaka. Na kaɗa a hankali, ba abin da ya motsa. Goggo ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe, ta riƙa juya shi da nata, kamar ina 'yar shekara tara. Ba ta ganin komai, da kunne take aiki. Sai ta ce, "Tsaya. Akwai saura. Ba ki ji yana gogar gindin ƙwarya ba?" Ni ban ji ba. Na duba, ga shi.

Ta ce sau huɗu ake yi. Muka yi ta yi daga tsakar rana har la'asar, bayana ya ƙage, yatsuna suka yi fari. Ga jiƙo yana jira, ga mai inji yana rufewa da magariba. Wadda za a markaɗa na rege ta sau huɗu cif, don mai inji zai duba. 'Yar wadda za a dafa kuwa, na ɗebo ta daga wadda aka yi wa sau uku. Na ce 'yar kaɗan ce. Ban gaya wa Goggo ba. Wauta ta biyu ke nan.

Da asubar Laraba na buɗe tukunya. Kullu ya taso har ya taɓa murfi, ja-ja, yana huci. Na ɗiga kanwa, na ɗaura farin bante, na rataya karti.

Sika ta hango ni ta buga guɗa irin tasu. Mai biredin tana tsaye a bakin ƙofa da kwandonta, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. Na hura wuta, na shafa mai. Aka buga ƙarfen hutu, wani tsohon gindin taya ne a rataye da ake dukansa da sandar ƙarfe, yara suka kwaso. Suka ga launin masa suka ja baya.

"Maman Masa, ƙonewa ta yi?"

"Ba ta ƙone ba. 'Yar arewa ce, haka fatarta take."

Madam Direkta ta iso da littafinta a hannu, ta tsaya tana kallo. Mace ce doguwa, ba ta dariya a harabar lakwal.

Mai masa ita ke cin ta farko, don ta ji kanwa. Na ɗauki ɗaya daga tsakiya, na hura, na gatsa. Sai na ji ƙas, a can cikin turmin haƙori na hagu, har cikin kunne.

Ba wanda ya ji sai ni. Yara na miƙo hannu. Madam ta riga ta buɗe littafi. Da na haɗiye, da shi ke nan.

Na tofa a tafin hannuna: dutse kamar ƙwayar gero, da ɓallin haƙori, da jini. Na miƙa wa Madam ta gani. Na ce wa yara kada wanda ya taɓa faifan.

Ta duba hannun, ta dube ni. Ta ce, "Maman Masa, in ba ki sayar ba yau, kwana uku ke nan. Kin san doka. Ba ni na yi ta ba."

Na ce, "Na sani, Madam. Nawa haƙorin ya ci zamaninsa. Nasu yanzu ya fito."

Sika ba ta tambayi kowa ba. Ta juye garin rogonta a zane, ta wanke rariyarta da sabulu, ta dangwara mini a kan roba. Ta ce, "Tace, tsohuwar banza, kina tsaye kina wa'azi." Na san abin da tacewa za ta yi. Za ta kashe tashin kullu, za ta kwashe dafaffiyar shinkafar da ke sa taushi. Kuma hutun safe ba shi da tsawo. Na fara tacewa, ina murzawa da tafin hannu, Sika na zubawa.

Madam ta rufe littafinta. Ta taka zuwa inda ƙarfen ke rataye, ta ɗauki sandar bugun, ta saƙale ta a hammata. Ta ce wa malamai za ta je duba bayan gida na yara, an ce mata ƙofa ta lalace. Ta tafi a hankali. Ban taɓa ganin an daɗe ana duba ƙofa ɗaya haka ba.

Duwatsu biyu muka ƙara samu a rariyar.

Masar da na soya ranar ita ce mafi muni da ta taɓa fita daga tandata. Ba ta kumbura ba, ta kwanta a gurbi kamar an taka ta. Yara suka ci, don yunwa suke ji. Wasu ba su samu ba, kullun ya ragu, Sika ta zuba musu wake. Ina cikin zubin ƙarshe Madam ta dawo. Ta ɗauki ɗaya a faifai, ta tauna ta dama, ta tauna ta hagu, a hankali, kowa na kallon bakinta. Ta haɗiye.

Ta ce, "Ba daɗi."

Na ce, "Babu, Madam."

Ta buɗe littafin ta ja alƙalami a gaban sunana. Ta ce, "Gobe ki zo da rariyarki. Sika na da aiki da tata." Ta je ta buga ƙarfe. Da na ɗaga kai, mai biredin ba ta bakin ƙofa.

Daga nan ban wuce gida ba. Na kashe wuta, na bar wa Sika tanda, na kuskure baki da ruwan gishiri, na tari zem zuwa tashar albasa kafin motar su Hawa ta tashi. Buhu guda nake so ta kawo mini a zuwanta na gaba, da duk duwatsunsa. Ragowar ta gida kuwa tana jiran rege, don Alhamis ma ranar lakwal ce.